Rasuwar Don Tello, Mai Tsaron Ɗumin Gidan Kakata

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika ta har baki, ni Nibaldo Oyarzo Barría, a madadin kakata Doña Edelmira Barría da duk wanda ya taɓa shan shayi a gidanmu mai koren kwano da ke saman tudu a Punta Arenas, can ƙarshen kudancin duniya, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan aiki rasuwar Don Tello, na'urar da ke daidaita ɗumin gidanmu. Ya rasu ranar Alhamis da ta wuce da misalin ƙarfe uku na rana, a inda ya yi rayuwarsa duka, wato jikin bangon da ke tsakanin kicin da ɗakin Kaka. Ya yi jinya ta fi shekara guda, amma mu da muke tare da shi ba mu gane jinya ba ce sai da ta ci ƙarfinsa. Shekarunsa shida da wata huɗu.

Sanarwar za ta ɗan yi tsawo. A yi mini haƙuri, marigayin ma ba mai gaggawa ba ne.

Ga waɗanda ba su taɓa ganinsa ba, ɗan kewayayye ne, bai fi murfin gwangwanin madara ba, da baƙar fuska ta gilashi wadda ke haskakawa idan mutum ya gifta. Aikinsa shi ne ya ji sanyin gida, ya gaya wa tukunyar gas da ke bayan kicin ta kunnu ko ta huta, ita kuma ta tura ruwan zafi cikin ƙarafunan ɗumi da ke ƙarƙashin tagogi. Wani ƙaramin kamfani ne ya haife shi can ƙasashen arewa. Na saye shi a shekarar da na samu aiki a gonar tumaki ta Santa Otilia, tafiyar awa huɗu daga gari, inda nake kwana ashirin da biyar kafin in sauko gida in yi biyar. Kaka ce ta rene ni tun ina rarrafe, kuma in na tafi ita kaɗai ce a gidan. Bana ta cika tamanin da ɗaya.

Ita ce ta raɗa masa suna. Ranar da aka maƙala shi ta tsaya ta dube shi, shi ma ya buɗe fuska ya dube ta. Sai ta ce, "Wannan ai Eleuterio ne ya dawo." Eleuterio ƙanen mijinta ne, wanda ya yi shekara talatin yana jingine da bango, bai taɓa ɗaukar tsintsiya ba, amma ya san wanda ya shiga da wanda ya fita. A gida Tello ake ce masa. Haka sunan ya bi marigayi har kabari.

Marigayi mai ladabi ne. Bai taɓa barin mutum ya wuce bai gaishe shi ba: tin-tin, a hankali, kamar wanda ba ya son ya dame ka. Idan zai ta da tukunya sai ka ji ƙit, sau ɗaya tak, sai bututai su amsa masa daga cikin bango. Duk maganarsa ke nan a duniya. Kuma yana da ƙwaƙwalwa. Cikin mako biyu ya gane Kaka tana tashi ƙarfe shida saura, ya riƙa ɗumama ɗakinta tun kafin ƙafarta ta taɓa ƙasa. Ya gane ranar Laraba tana zuwa wurin matan saƙa, ranar Lahadi coci. Ni da na yi shekara goma sha takwas a hannunta ban taɓa lura da cewa Laraba daban take ba.

Amma babban halinsa, wanda saboda shi nake wannan rubutu, shi ne gaskiya.

Duk wanda ya san Doña Edelmira ya san amsarta ɗaya ce a waya: "Lafiya lau, ka ci abinci?" Shekarar da ƙanƙara ta zame da ita a bakin ƙofa ta karya wuyan hannu, mako biyu tana ce mini lafiya lau. Sai da na sauko na ga ta ɗaure hannun da cokalin katako da safa. Na ce, "Kaka, me ya sa ba ki faɗa mini ba?" Ta ce, "Kai likita ne?"

Tello ba ya haka. A Santa Otilia akwai wani turken shinge a kan tudun bayan rumfar askin tumaki, shi kaɗai ne wurin da waya ke kama sabis, layi ɗaya, shi ma sai ka juya wa iska baya. Kowace safiya kafin in saki karnuka nakan hau can in buɗe waya, sai Tello ya ce mini: digiri ashirin da biyu, akwai mutum a gida, an gifta ƙarfe shida da minti biyar. Shi ke nan. Sai in sauko in yi aikina da zuciya ɗaya. Shekara shida abin da nake karya kumallo da shi ke nan. Abokan aiki har tsokanata suke yi, wai na hau gaida budurwa. Nakan ce musu eh, kuma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

Ba zan ɓoye ba, akwai abu ɗaya da shi da Kaka ba su taɓa daidaitawa a kai ba, wato taga. Kun san yadda muke a garin nan. A ƙure ɗumi har mutum ya zauna da 'yar shara a tsakiyar Yuli, dusar ƙanƙara na zuba a waje, idan zafi ya yi yawa kuma ba a rage wuta, taga ake buɗewa. Haka iyayenmu suka yi, haka muka tarar. Ka bi layinmu a ranar da ta fi kowace sanyi, za ka ga kowane gida da labule na kaɗawa a waje. Tagar ɗakin Kaka mai kallon titi kuwa, ƙarfe goma na safe take buɗe ta, ba ta rufewa sai lokacin shayi. Tello mutumin arewa ne, bai taɓa gane wannan ba. Da ta buɗe sai ya ji sanyi, ya ce ƙit, ya ƙara wuta. Ita kuma ta ji zafi ya ƙaru, ta ƙara buɗewa. Haka suke yini, shi ƙit, ita ƙiii, ba wanda ya taɓa ɗaga wa wani murya.

A nan ne nawa laifin ya shigo, kuma gara in faɗe shi da bakina. Kaka ta gano cewa idan aka murɗa wuyan Tello lambar tana hawa, sai ta riƙa kai shi talatin. Na hau turke wata safiya na ga talatin da ɗaya, na zaci gobara ce. Da na sauko sai na sa masa lambar sirri, yadda ba mai iya murɗa shi sai ni, daga wayata. Ta ce, "Wato a gidana sai na nemi izinin turke?" Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ciwon marigayi ya fara ne daga nesa. Wata rana saƙo ya shigo cewa wani babban kamfani, irin waɗanda suke cikin wayar kowa ko ya gayyace su ko bai gayyace su ba, ya sayi kamfanin da ya haifi Tello, da ma'aikatansa da kujerunsa da komai. Saƙon ya ce muna farin ciki, kuma ba abin da zai canja. Na karanta wa Kaka. Ta ce, "Duk wanda ya zo har gida ya ce maka ba abin da zai canja, ka duba ko kujerarka na nan." Ni dai na ce su manya ne, sun fi mu sani, wataƙila ma Tello ya samu gata.

Da farko ba mu ga komai ba. Bayan wata shida sai aka ce dole in yi sabuwar rajista da sunan sababbin iyayensa, in ba haka ba ba zai ƙara yi mini magana ba. Na kai wa Yasna, 'yar kawuna da ke aiki a shagon waya. Wani dogon rubutu ya fito wanda ake so mu yarda da shi. Yasna ta yi ta jan sa da babban yatsa, ta ja, ta ja, har shayinta ya huce ba ta kai ƙarshe ba. Ta ce, "Nibaldo, ko dai ka yarda, ko ka ɗauki hutun shekara ka karanta." Na yarda.

Daga nan sai ya fara mantuwa. Wata Laraba ya ɗumama gida babu kowa, wata Alhamis ya bar Kaka ta tashi cikin sanyi. Ya koyi surutu kuma, wanda da ba halinsa ba ne. In buɗe waya in ga lafiyar gida, sai ya fara tambayata ko ina son ƙararrawar ƙofa mai ido, ko ina son fitila mai jin magana. Kamar ka je duba tsohon aboki ka tarar ya koma talla. Na yi masa uzuri. Na ce tsufa ne, kowa ma zai je.

Saukowata ta ƙarshen Yuni, ranar da zan koma, na fito da jakata na ga tagar nan a wangale, labule na ta rawa a waje, iska kamar za ta ɗauke kwano. Na ce, "Kaka, titi kike ɗumamawa? Karnukan layi ma sun gode." Ta ce, "Gidanka ko gidana?" Na ce, "To ki ci gaba. Wata rana zan kashe shi daga can, mu ga abin da za ki buɗe." Da dariya na faɗa, Allah Ya sani. Na sumbaci goshinta na tafi.

Abin da ya biyo baya, sai daga baya Yasna ta warware mini shi. A farkon Yuli sababbin iyayen Tello suka turo wa duk 'ya'yansu wani sabon karatu ta iska. A ƙasarsu Yuli zafi ake yi, mutane na bakin ruwa. To sai karatun ya gaya wa Tello cewa bazara ta yi, ya kashe tukunya ya huta. Shi kuma mai biyayya ne. Ya ce ƙit, ya kashe, ya sa hoton rana mai murmushi a fuskarsa. A cikin makon nan kuma kamfanin ya yanke tsofaffi irinsa daga waya, wai zamaninsu ya wuce. An ce sun turo wasiƙar gargaɗi. Mai yiwuwa tana nan cikin tallan ƙararrawa. Wayata dai ba ta ce an yanke ba. Sai kawai ta tsaya a kan maganarsa ta ƙarshe.

Kwana tara ina hawa turke, kwana tara ana ce mini digiri ashirin da biyu, akwai mutum a gida, an gifta ƙarfe shida da minti biyar. Har na ce wa kaina, kai, tsohuwar nan akwai kiyaye lokaci, ko minti ɗaya ba ta kuskurewa. Ranar Lahadi na kira ta. Ta ce, "Lafiya lau." Ba ta tambaye ni ko na ci abinci ba. Na lura, amma na ce wataƙila tuya take yi.

Ranar Alhamis da safe muna zaune a teburin cin abinci, mu goma sha ɗaya, naman rago da soyayyar gurasa, rediyo na karanta saƙonnin mutanen gari zuwa ga na karkara kamar kullum. Wane, matarka ta sauka, namiji ne. Wane, ka jira mota a bakin hanya da doki biyu. Sai mai karantawa ya ce: "Zuwa ga Nibaldo Oyarzo a Santa Otilia. Tagar kakarka yau kwana tara a rufe. Na ƙwanƙwasa ta zage ni, saboda haka tana da rai. Ka zo. Daga Tonko."

Ba wanda ya yi dariya. Mai dafa mana abinci ya ajiye ludayi. Duk mutanen teburin nan 'yan yankin nan ne, kowa ya san gidan da aka rufe tagarsa kwana tara a Yuli gida ne da ba wuta. Shugaban aikinmu ya miƙe ya ɗauko makullin motarsa.

Ga waɗanda ba 'yan layinmu ba, Don Tonko Bonacic shi ne maƙwabcinmu na tsallaken titi, tsohon mai gyaran injin jirgin ruwa, shekarunsa tamanin da uku, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Santiago. Shekara goma sha tara ke nan Kaka ba ta amsa gaisuwarsa, tun ranar da karensa ya tone mata tafarnuwar da ta kawo irinta daga tsibirin Chiloé.

Na iso gida wajen ƙarfe ɗaya. Da na buɗe ƙofa sai na ga numfashina a falo. Furanninta na tukunya duk sun langaɓe sun yi baƙi. Na gifta gaban Tello, ya ce tin-tin, ya nuna mini rana tana murmushi. A kicin na same ta. Ta jawo katifarta har gaban murhu, ta kunna tandar gasa burodi ta bar ƙofarta a buɗe, tana zaune cikin kwat ɗin marigayi kakana da hula biyu, tana fere dankali.

Na ce, "Kaka!"

Ta ce, "Rufe ƙofa, kana shigo mini da iska." Ta gama feren da ke hannunta tukuna, sannan ta ɗago. "To, ka gama horon? Je ka duba, ban buɗe ba ko sau ɗaya. Har tsumma na cusa a gefe."

"Wane horo?"

"Kai ka ce za ka kashe daga can. Ka kashe. Ni ban ce komai ba. Mutum ya faɗi magana ya cika, ai ba laifi ba ne. Amma kakanka ma, da duk taurin kansa, fushinsa bai taɓa wuce kwana uku ba."

Na zauna a bakin katifar. Na ce, "Kaka, wasa nake yi. Ban taɓa komai ba. Me ya sa da na kira ba ki faɗa ba?"

"In roƙe ka? A gidana?"

Na ciro waya na nuna mata, ga shi, ashirin da biyu, akwai mutum a gida. Ta sa tabarau ta duba da kyau. Ta ce, "Gidan wa?"

Muna cikin haka sai ga Don Tonko ya turo ƙofa da akwatin kayan aikinsa, karo na farko cikin shekara goma sha tara. Kaka ta ce, "Wa ya kira mai kare?"

Ya ce, "Karen ya mutu yau shekara goma sha ɗaya ke nan, Edelmira."

"Tafarnuwata ma ba ta dawo ba."

Ya dubi tandar, ya dubi tagar kicin a rufe, ya riƙe kai. "Tanda a kunne, ko'ina a toshe? So kike a zo a tarar kin yi barcin da ba a tashi?"

"Da ka samu abin kai wa rediyo. Yanzu duk yankin nan har tumaki sun san na zage ka."

"Ai sun daɗe da sani."

Na yi iya ƙoƙarina in ceci marigayi, ina so a san wannan. Na sa lambar sirri, na murɗa shi, na roƙe shi. Rana dai yake nuna mini. Na kira Yasna, ita ta kira kamfanin, wata murya wadda ba ta mutum ba ta ce mata kiranta na da muhimmanci, sannan ta ce wannan ya fita daga kulawarsu, amma ƙanensa ya fito, ya fi shi sirantaka, har yana jin magana. Don Tonko ya ce, "Ɗan nan, matsa." Ya sa sukundireba ya ɓanɓaro shi daga bango. Tello ya buɗe fuska sau ɗaya ya ce tin. Bai ƙarasa na biyun ba.

Don Tonko ya haɗa igiyoyin wuta biyu da suka leƙo daga ramin, ja da fara. Tukunya ta ce buf. Bututai suka fara ƙwas-ƙwas cikin bango kamar masu miƙa bayan dogon barci. Kafin awa guda Kaka ta cire hula ɗaya, sannan ta biyu, sannan kwat. Ta shiga ɗakinta ta zare tsumman, ta wangale tagar har ƙarshe, ta juyo ta tsaya tana kallona ko zan ce wani abu. Ban ce ba.

Likita ya duba ta washegari, ya ce sanyi ya ɗan taɓa ƙirji amma zai wuce, kuma ya wuce. Ita ta ce masa lafiya lau tun kafin ya tambaya.

Marigayi ya rasu ya bar tukunyar gas, abokiyar zamansa, wadda ta girme shi da shekara ashirin kuma tana nan da ƙarfinta. Ya bar ƙarafunan ɗumi bakwai, har da na banɗaki wanda bai taɓa yin zafi sosai ba amma Tello bai taɓa nuna masa bambanci ba. Ya bar akwatin intanet da aka jawo gidan saboda shi kaɗai, yanzu yana zaune a kan kabad yana ƙyafta ido bai san wa zai yi wa magana ba. Ya bar kwalin da ya zo a ciki, wanda Kaka ke ajiye maɓallai. Ya bar rami a bango. Ya kuma bar ƙanne da yawa a kantuna, waɗanda ba mu san su ba, kuma ba mu aika musu ba.

Ba mu riƙe shi da komai ba. Bai yi mini ƙarya da son ransa ba, bakinsa aka rufe aka bar maganarsa ta jiya tana yawo. Shekara biyar ya yi mana aiki tsakani da Allah, ni shaida ne.

Tun ranar mutane ke tare ni, a shago, a tashar mota, har da masu kira daga garin Natales, wai Nibaldo, kai da ka zauna da irinsa, mu saya ko kada mu saya? Ni ban san harkar kamfanoni ba, karnuka na sani. Karyata Chispa, wurin wani dattijo na saye ta. Bayan shekara biyu dattijon ya sayar da filinsa da dawakinsa ya koma gari. Chispa ba ta ma ji labari ba. Fitona take bi har yau, wanda ya sayi filin bai isa ya kira ta daga nesa ya ce mata yau ba kiwo ba. Tello kuwa na ɗauka nawa ne, tunda ni na saye shi, a bangona yake, wutata yake sha. Ashe aro aka ba ni, kuma mai shi ya canja ba a tambaye ni ba. Idan abin da kake so shi ne ka tarar da gida da ɗumi in ka dawo daga aiki, saya, yana da daɗi, ba zan hana ka ba. Ranar da ya ƙi, ka sa rigar sanyi ka yi tsaki. Amma idan tsohuwa za ka bar masa ka tafi tafiyar awa huɗu, to ka fara tambaya wa yake yi wa biyayya, kuma a garinsu wane wata ne ake sanyi.

An riga an naɗa magajinsa. Wani ɗan murɗi ne na ƙarfe da Don Tonko ya tono a rumfarsa, daga ɗaya zuwa biyar, ba fuska, ba gaisuwa, bai san Laraba ba. Kaka ta kai shi biyar tun ranar farko, kuma na yi alkawari a gaban shaida ba zan taɓa shi ba. Sai dai shi ba ya magana da turke. Ranar Litinin zan koma Santa Otilia, hunturu da saura, kuma in na hau tudu ba abin da zan gani sai tumaki. Wannan ne ya hana ni sukuni kwana biyu. Na ce zan bar aikin in nemi na gari. Ta ce in na bari ita za ta tafi ta kama, wai ta fi ni iya tumaki.

Ga yadda aka shirya jana'iza.

Za a yi ta ranar Lahadi mai zuwa da ƙarfe biyar na yamma, lokacin shayi, a kicin ɗin gidanmu. Mun gayyaci Fada, limamin cocinmu, ya yi godiya, ya ce a ajiye masa wainar dankali. Ba za a kai marigayi lambu ba, saboda ƙasa ta daskare ba ta tonuwa sai Oktoba, kuma Yasna ta ce akwai batir a cikinsa, bai kamata ya shiga inda ake shuka ba. Za a naɗe shi a farin adiko a kwantar da shi cikin gwangwanin biskit na saman kabad, kusa da agogon kakana da haƙoran Eleuterio na asali, wato na kanti. Ba a bukatar furanni, sai dai wanda ke da reshen da zai kama a tukunya ya taimaka wa Kaka da shi. Akwai shayi, akwai wainar dankali, akwai zuma. Kada kowa ya zo da rigar sanyi mai nauyi, zai yi nadama.

Bayan an rufe gwangwani, a gaban duk wanda ya halarta, Doña Edelmira Barría za ta miƙa wa Don Tonko Bonacic makullin gidanta. Kwana uku muka yi muna wannan magana kafin ta yarda, kuma da sharuɗɗa. Zai ƙwanƙwasa sau uku kafin ya sa makulli. Zai goge ƙafa. Ba zai ambaci kare ba. Idan ya tambaye ta ta ce lafiya lau, an ba shi izini ya shigo ya duba da idonsa, ita kuma an ba ta izini ta zage shi.

Sharaɗi na ƙarshe nata ne ita kaɗai, ba wanda ya kawo shi. Shi ma zai ba ta makullin gidansa a wurin. Ta ce ita ba don kanta ta yarda ba. Ta ce mutum mai shekara tamanin da uku, shi kaɗai a gida, yana hawa tsani yana gyaran kwano, wa ke duba shi? Ta riga ta saƙa wa makullin igiya ja, za ta rataya a wuya, kuma ta ce ƙarfe tara na kowace safiya za ta tsallaka ta ga ko ya kwana da rai, don daga ganin yadda yake tari shi zai riga ta.

Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Masu zuwa su zo da kofinsu, namu shida ne.

Nibaldo Oyarzo Barría,
a madadin iyali.